Sunan da Dije ta nema

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗiyata Barira,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kin sauka Difa lafiya, kin sami masauki mai rufin asiri da maƙwabta masu tsoron Allah. Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya raba ki da sharrin mutum da sharrin ƙarfe, ya sa kin shiga aikin nan da ƙafar dama. Ni lafiyata lau, sai gwiwar nan da kika sani.

Yau kwana shida da tafiyarki. Watannin da kika yi a gida kina jiran a tura ki sun ɓata ni, na saba da jin motsin mutum a tsakar gida. Yanzu in na zo ɗibar tsaba sai hannuna ya ɗebo ta mutum biyu, in tsaya in mayar da rabi cikin kwando. Da la'asar nakan shimfiɗa tabarma gindin itacen bedi in zauna, ba mai shigowa sai awakin maƙwabta.

Da na so, da na ɗauki muryata a waya na aika miki. Amma akwai maganar da baki ba ya iya ɗauka, shi ya sa na ɗauko bik na rubutu da littafin da kika bari. Kin san rubutuna na yaƙi da jahilci ne, ki yi haƙuri da shi. Ba labarin gari zan ba ki ba. Ranar da za ki hau moto, babur ɗin haya, zuwa Tasawa don ki kama hanyar Difa, kin tambaye ni abin da ya hana kawunki Lawali zuwa sallama, da abin da ya sa mata biyu kaɗai suka rako ki bakin hanya. Na ce miki mutane suna yankan hatsi. Ƙarya na yi miki, kuma ina so ta zama ta ƙarshe. Kin ce aikinki shi ne ki zauna gefen alƙali ki rubuta abin da mutane suka faɗa. To, kafin ki rubuta maganar uwar wani, ki fara da karanta ta uwarki.

Kin san sunan Dije, ko da ba kya tuna fuskarta. Bafillatana ce, matar Buba. Rugarsu tana yamma da gari, bayan rijiyar shanu, tun zamanin kakan Buba suke wurin. Shanun babanki guda biyu a hannun Buba suke, kuma kowace kaka garkensa a gonarmu yake kwana yana zuba mana taki. Da na haife ki zazzaɓi ya kwantar da ni kusan wata biyu, nonona ya ƙafe. Dije tana goyon ɗiyarta Adama a lokacin. Ita ta riƙa tahowa safe da yamma, ta aje ƙwaryar nononta bakin ƙofa, ta ɗauke ki ta ba ki mama. Don haka a addini uwarki ce, Adama kuma 'yar'uwarki ce. Ban taɓa zaunar da ke na gaya miki haka ba.

Gayaunata, 'yar gonar nan da babanki ya yankar mini, tana bakin burtali, hanyar da shanu suke bi su je ruwa. Wata damina na ga wurin ya sha taki, sai na ƙara layi ɗaya na wake cikin hanyar. Ba wanda ya ce komai. Damina ta zagayo na ƙara biyu. Maƙwabcin gonata ya ga na yi, shi ma ya yi, na ɗaya gefen ma suka matso. Wata rana Dije ta kawo nono, muna dama fura, ta ce, "Rabi, hanyar nan tana ƙanƙancewa fa. Yanzu shanu uku ba sa jerawa. Saniya kuwa ba ta san layi ba."

Na yi dariya na ce, "To ku sa ta lakwal mana, ta koya."

Ita ma ta yi dariya, don ƙawata ce, amma ba ta ƙara tayar da maganar ba. Ni kuwa na ɗauka shirunta yarda ce.

Barira, duk rigimar da za a kawo gabanku, za a kawo ta ne da jini da kuka da mutane suna nuna juna da yatsa. Kada ki ɗauka ranar ta fara. Akwai layin wake ɗaya a bayanta, wanda wani ya shuka yana ganin ba komai ba ne. Kuma in mai ƙaramin ƙarfi ya gaya miki damuwarsa cikin wasa, ki ji ta da gaske. Da wasa ya faɗa don ba shi da ikon faɗa da tsawa.

Kina aji uku a lakwal, makarantar boko, abin ya faru. Kaka ce, an yanke hatsi amma dammuna suna gona, ba a saki gonaki ba tukuna. Babanki ya tafi kasuwar Korgom da amalanke tun da safe. Wasu baƙin makiyaya masu wucewa kudu, waɗanda ba mu san su ba, suka biyo burtali da garke mai yawa. Hanya ta matse, shanu suka fantsama cikin gonar wani ɗan garinmu, Sale. Aka yi cacar baki, ɗaya daga cikin baƙin ya sari Sale a hannu, suka kora shanunsu suka wuce.

Ina bakin rijiya wata mata ta taho a guje tana cewa, "An sari Sale a gona, jini yana zuba!" Iyakar abin da na ji ke nan. Na ɗauki tuluna na nufo gida, na biyo ta rumfar mahauta inda maza suke zaune. Suka ga ina sauri suka ce, "Rabi, lafiya?"

Na ce, "Fulani sun kashe Sale."

Har yau ban san daga inda kalmar ta fito ba. Ban ga Sale ba, ban ga gonar ba. Ina jin so na yi in zama mai kawo babban labari. Kafin in sauke tulu gari ya ɗauka. Da maza suka fito da sanduna da gatura, na tsaya bakin ƙofar gidan nan da kika girma a ciki, na rangaɗa musu guɗa kamar masu rakiyar ango.

Ba su sami baƙin ba, sun yi nisa. Rugar Buba suka samu, don ita ce ba ta gudu ba. Suka sa wa bukkoki wuta. Tsohuwar Buba, mahaifiyarsa, ba ta iya tafiya, tana cikin bukka. Buba ya taho daga rijiya don ya fitar da ita, aka tare shi a hanya. Su biyu aka rasa ranar. Sale kuwa aka kai shi gidan likita aka ɗinke hannun. Shi ne mai sayar da goro bakin masallacin Juma'a, wanda kike gaisarwa.

Ɗiyata, ki raba "na gani" da "na ji". Ko wa ya zauna gabanki, malami ne ko mai sarauta, ki lura da wanne yake faɗa. Ke ma a bakinki haka. Sannan ki ji tsoron kalmar "su". Ni na ce Fulani sun yi, alhali mutum ɗaya ne ya ɗaga adda, kuma ko sunansa ban sani ba. Da zarar an ce "su", an buɗe ƙofa a kama duk wanda ya fi kusa, na kusa kuwa maƙwabci ne. Can inda kike za ki ji ana cewa Barebari kaza ne, Tubawa kaza ne, Larabawa kaza ne, ke ma za a ce Hausawa kaza ne. Ki tambaya a hankali, wane daga ciki? Yaushe? Wa ya gani?

Wajen azahar Lawali ya shigo gidan nan. Kin san ni na goya shi bayan rasuwar innarmu, hannuna ya ci tuwo har ya girma. Ranar bai yi sallama ba. Ya zauna bakin murhu, gaban rigarsa duk jini. Na ba shi ruwa bai sha ba. Ya ce, "Yaya, Buba ya kira sunana. Ya ce, Lawali, kai ne? Na riga na ɗaga hannu, Yaya."

Ban yi kuka ba, ban yi salati ba. Na ce, "Tuɓe rigar." Na ba shi ta babanki, na zauna na wanke tasa da sabulu har sau uku, na shanya. Da babanki ya dawo da yamma ya ji abin da ya faru, bai ko kwance jakin ba, ya wuce ruga. Shi da liman da wasu mutum biyu ne kaɗai daga garin nan suka tsaya aka binne Buba da tsohuwarsa. Da ya shigo gida ya dubi rigar Lawali a kan igiya, ya dube ni. Bai tambaye ni ba, ni ma ban gaya masa ba, har Allah ya karɓi ransa. Mun yi shekara tara bayan haka muna cin tuwo a gida ɗaya, maganar tana zaune tsakaninmu.

Kashegari jandarmomi suka zo. Kafin su iso dattawa sun bi gida gida, an ce kowa ya ce bai ga komai ba, gari ɗaya ne, in aka ja zare ɗaya riga za ta warware. A ajin lakwal ɗinku aka riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani mai rubutu a gefe, da littafi babba. Aka tambaye ni inda Lawali yake da safen nan, don wani ya ambaci sunansa. Na ce yana gidana tun hantsi yana gyara mini danga. Mai rubutun ya rubuta, ya karanta mini, ya ɗago kai ya ce, "Haka ne, Inna?"

Na ce, "Haka ne."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya turo mini tawada na dangwala yatsa. Aka tafi da mutum shida gidan kaso a Tasawa, ba Lawali a ciki. Bayan 'yan watanni aka sako su duka, don ba shaida.

Kujerar mutumin nan ce aka ba ki yanzu. Ki rubuta abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, kada ki gyara wa kowa magana, kada ki rage ta don mai faɗin ba ya jin Faransanci. In kin karanta wa mutum maganarsa, ki karanta a hankali cikin harshen da yake ji, ki ba shi lokaci kafin ki miƙa tawada. Na sha tunanin cewa da ya sake tambayata sau ɗaya, wataƙila da na fashe. Wataƙila kuma da ban fashe ba, ba na ɗora masa laifina. Kuma kada ki raina mai ƙarya da sauri. Sau da yawa wani yake goye a bayansa. Amma ki sani, abin da na yi wa Lawali ba taimako ba ne. Na hana shi kaso na shekaru, na sa shi a wanda ba shi da ranar fita. Tun ranar bai ƙara shan nono ba. In Bafillatana ta yi sallama da ƙwarya a ƙofar gidansa, ɗaki yake shigewa.

Bayan wata uku aka ce za a yi sulhu. Manya suka zo da motoci, aka kafa rumfa gindin gawon nan na bakin kasuwa. Aka yi jawabi da Faransanci, aka maimaita da Hausa da Fulatanci. Aka ce mu 'yan ƙasa ɗaya ne, uwa ɗaya uba ɗaya, abin da ya wuce ya wuce. Aka yanka sa. Maigari da arɗo suka yi musafaha aka ɗauki hoto. Ana shirin shafa Fatiha sai Dije ta miƙe daga cikin mata. Ta rame har ban gane ta da farko ba. Ta ce, "Ranku ya daɗe, an ce in yafe. Na ji. Ina so a gaya mini wanda zan yafe wa. Sunansa kawai."

Sai wani daga cikin manyan ya ce, "Baiwar Allah, yau ranar haɗa kai ce, ba ranar tone-tone ba." Mutanenta ma suka jawo zanenta suka zaunar da ita. Aka shafa Fatiha.

Ina cikin masu dafa abinci ranar. Na zuba shinkafa da nama mai kyau a kwano, na kai mata da hannuna, ina jin kamar wani abin kirki nake yi. Ba ta dubi kwanon ba. Ta ce, "Rabi, ke ma ba ki gani ba?"

Na ce, "Wallahi ban gani ba, Dije."

Kin ga wayon da na yi? Gaskiya ne ban gani da idona ba, ina gida. Na rantse da Allah a kan gaskiyar da na san ƙarya take ɗauke da ita. Ta ce, "To." Kafin damina ta faɗi sun kwashe abin da ya rage musu sun koma wajen Cake, wurin dangin uwarta. Shanun babanki biyu, da ɗan maraƙin da ɗaya ta haifa, sai da ta aiko aka kawo mana su har ƙofar gida.

Za ki halarci irin wannan taro da yawa, musamman yanzu da kowa yake maganar sulhu. Ban ce sulhu ba shi da kyau ba, ya fi gaba nesa ba kusa ba. Amma gyambon da aka rufe da ruwa a ciki, ƙashi yake ci. In kin ga an zaunar da wanda aka yi wa ɓarna don kada ya ɓata wa manya taro, ki san ba a gama komai ba, an dai ci nama. Ba a yafe wa iska, mutum ake yafe wa, kuma sai ya tsaya an gan shi. Ba ki da ikon hana manya jawabi, amma in mace irin Dije ta zo bironku, wato ofishinku, ki ba ta kujera, ki rubuta tambayarta.

Shekaru suka wuce, kowa ya yi kamar ya manta. Gonakin yamma suka gaji don ba garken da yake kwana a kansu. Makiyaya suka riƙa zagaye garinmu kamar masu tsallake kushewa. Yaran da aka haifa bayan abin suka tashi suna jifar shanu in sun gani, ba su san dalili ba. Ke kuma kika tafi Yamai karatun shari'a, ina ta alfahari a bakin rijiya.

Da aka shiga mulkin riƙon ƙwarya, rediyo ya cika da maganar haɗin kan 'yan ƙasa, safe da yamma. Ni ba na cikin masu sanin siyasa, ina dai ji ina daka. Bara, kina Yamai, aka turo mutane su sake auna burtali su kafa duwatsun siminti. Da suka ja igiyarsu sai ga kusan rabin gayaunata cikin hanyar shanu. Na tsaya ina kallon inda dutsen ya zauna da inda waken nawa ya kai. Wani dattijon Bafillace da yake cikinsu ya ce mini, "Inna, ki yi haƙuri, hanyar ce ta riga gonar." Shi yake ba ni haƙuri. Na dawo gida na kasa cin abinci.

Na fara zuwa wurin Lawali. Na same shi yana gyaran amalanke, furfura ta fito masa, 'ya'yansa bakwai. Na ce, "Zan je wurin Dije, daga nan in je Tasawa in janye maganata. Na fi so mu tafi tare, ka faɗa da bakinka."

Ya aje guduma ya ce, "Yaya, bayan shekara nawa? Ke kika ce in tuɓe rigar. Ke kika ce ina gyaran danga. Yanzu da na tara iyali za ki sa a riƙa nuna 'ya'yana ana cewa ga ɗiyan mai kisa?"

Na ce, "Gaskiyarka, ni na ce. Shi ya sa zan fara da nawa."

Ya ce, "In kin tafi, ba ni ba ke."

Na ba shi har ranar kasuwa ya yi tunani. Ranar kasuwa ta zo bai zo ba. Na hau moto ni kaɗai zuwa Mayahi, daga nan zuwa Cake, daga nan amalanken wasu masu ɗibar ruwa ya kai ni rugar.

Na sami Dije zaune bakin bukka tana kaɗa nono. Idonta ya yi rauni, amma da na yi sallama ta ce, "Rabi ce?" Na durƙusa a ƙasa na faɗi komai. Layin wake, da maganar da na yi a rumfar mahauta, da guɗar, da rigar, da yatsan da na dangwala. Na ce, "Lawali ne, Dije. Ƙanena."

Ba ta daina kaɗa nonon ba sai da na gama. Sannan ta ce, "Na sani. Ina kwance cikin kara da Adama, na toshe mata baki, ina kallonsa. Na gaya wa jandarmomi tun ranar da suka zo, aka ce maganata ni kaɗai ce, ga kuma yayarsa ta ce yana gidanta. Ba sunan na rasa ba, Rabi. So nake mutum ɗaya daga garinku ya ce abin da na gani na gan shi. Har na fara zaton ko hankalina ne ya taɓu."

Na ce, "Ki yafe mini."

Ta ture ƙwaryar nonon gefe. Ta ce, "Ban iya ba tukuna. In na ce na yafe yau, na yi miki irin rantsuwar da kika yi mini." Ta kira jikarta ta dama mini fura, ta ce hanya da nisa, in sha. Ta tambaye ni, "Yarinyar nan da na shayar, ta yi girma?" Na ce kina karatun shari'a. Ta ce, "Allah ya sa ta fi mu."

Ga wani kuskuren kuma, sabo fil, don kada ki ɗauka tsufa ya gama gyara ni. A hanyar dawowa fushi na riƙa ji. Ina cewa a raina, na taso tun daga ƙasar Korgom da ciwon gwiwa, na sayar da ɗan'uwana, amma ta ce ba ta iya ba? Sai da muka kusa Mayahi na gane abin da nake yi. Na kai mata gaskiya kamar mai kai hatsi kasuwa, ina jiran a miƙo mini yafiya nan take. Ita ta jira ni shekara goma sha bakwai, ni na kasa jiran yini ɗaya. Barira, in kin yi wa wani laifi, naki shi ne ki faɗa ki gyara abin da yake gyaruwa. Yafiya tasa ce, ya bayar ran da ya ga dama ko ya riƙe. Kada ki tilasta wa kowa ita, a gidan shari'a ko a gidan aurenki.

Bayan kwana biyu na je gidan shari'a a Tasawa. Na yini a benci kafin a shigar da ni. Alƙalin ya saurare ni har ƙarshe, ya sa aka nemo tsohuwar takardar, aka same ta da ƙyar, ga yatsana a ƙasa. Ya ce mini, "Inna, kin zo a makare. Doka tana da wa'adi, na wannan magana ya wuce, ba zan iya kiran kowa ba." Amma ya sa aka rubuta sabuwar maganata aka haɗa da tsohuwar. Iyakar shari'ar da Buba da tsohuwarsa suka samu ke nan, takarda ɗaya a kan wata. Da na faɗa a ajin lakwal, da an yi hukunci, da Lawali ya daɗe da fitowa ya zama mutum mai kallon mutane a ido. Don haka kada ki bar takardar talaka ta kwana a teburinki in tana iya wucewa yau. Gaskiya ma tana da damina, in ta wuce sai dai a shuka don Allah.

Labari ya riga ni isowa gida. Tun daga ranar in na iso rijiya hira take mutuwa. An yi suna uku a unguwar nan ba a aiko mini goro ba. Matar Lawali ta hana yaranta shigowa. Wasu suna cewa na tona asirin gari a lokacin da ake neman haɗin kai, wai ni ce mai raba kan mutane. Da kika dawo kowa ya yi ta yi miki fara'a don ke ba ki da laifi, ni kuma na roƙi matan nan biyu kada su gaya miki. Ba zan ce miki kaɗaicin ba ya ciwo ba. Yana ciwo ƙwarai, musamman ranar Juma'a in na ji ana ta wucewa ana gaishe-gaishe a waje. Amma wancan zaman da na yi cikin mutane da maganar a cikina ya fi wannan kaɗaici.

Ban san yadda manya za su haɗa ƙasar nan ba, Allah ya ba su sa'a. Abin da na sani kaɗan ne. Ki koyi gaisuwar mutanen da kika tarar, ki ci abincinsu, ki je ta'aziyyarsu. In Bahaushe ya zo yana miki maganar gida don ki karkata masa takarda, ki gaishe shi da kyau ki bar takardar inda take. Ranar da makiyayi daga daji zai shigo bironku ba tare da gabansa ya faɗi ba, ya fita yana jin an ji shi, ranar kin yi wa ƙasa aikin da ya fi waƙar rediyo.

Shekaranjiya da hantsi, ina tsakiyar rubutun nan, na ji an yi gyaran murya a ƙofar gida. Na fita sai ga Lawali tsaye riƙe da moto. Wata goma sha ɗaya ke nan bai yi mini magana ba. Bai shigo ba, bai gaishe ni ba, yana kallon ƙasa. Ya ce, "Barira ta sauka lafiya?" Na ce ta sauka. Ya juya kan moton har na ɗauka tafiya zai yi. Sai ya ce, "Yaya, in an kai Cake, gabas ake yi ko arewa?"

Na ce, "Arewa. Ka tambayi rijiyar da take da gawo biyu."

Ya tayar da moto ya tafi. Ban san ko can ya nufa ba, ko gona. Ban aika a bincika ba, kuma ba zan aika ba. Ki sa shi a addu'a, kawunki ne.

In kin karanta wannan kika ji ba kya son jin muryata na wani lokaci, ba zan ga laifinki ba, ina nan. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci ko aiki ya yi yawa, kada ki hau mota in an ce hanya ba lafiya. Allah ya tsare ki gaba da baya, dama da hagu. Allah ya tsare hannunki daga rubuta zalunci, ya tsare bakinki daga abin da nawa ya faɗa. Allah ya jiƙan babanki, ya jiƙan Buba da tsohuwarsa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya dawo mini da ke cikin aminci. Amin summa amin.

Wassalam.

Innarki,
Rabi